Inci 55 ko inci 43: talabijin ɗin da na saya, da dalilina

Wani daren Talata cikin watan Nuwamba, ƙarfe goma sha ɗaya ta gota, na fita neman babban ɗana. Yana ajin ƙarshe na kwaleji, bana zai zauna jarabawar BEPC. Ya ce mana zai je bita wajen abokinsa, amma ban same shi can ba. Na same shi a wani shago bayan layinmu, inda aka jera talabijin huɗu da na'urorin PlayStation. Yara sun fi ashirin a ɗaki ɗaya, wasu na buga ƙwallo, wasu na jiran layi da ƴan canjinsu a hannu. Cikinsu har da ɗalibaina biyu na CM2, waɗanda kullum nake fama da su kan gyangyaɗi a aji. A daren nan na gane inda barcinsu yake tafiya.

Ban yi masa faɗa gaban mutane ba, muka taho gida shiru. Da safe uwarsa ta ce da ni: "Malam, yaron nan ba zai bar wasan nan ba. Ko dai ya yi shi gabanmu, ko ya yi shi bayan idonmu. Sai ka zaɓa." Na so in musa, na rasa abin cewa. Ƙanena da ke Yamai yana da tsohuwar PlayStation 4 da ya daɗe yana cewa in karɓa wa yara ina ƙi. Telen gidanmu kuwa, mai inci 32, ta haura shekara goma, layuka sun fara ratsa fuskarta. Da na kwashi adashen malaman makarantarmu a ƙarshen Disamba, sai na nufi babbar kasuwar Maradi.

Na rubuta wannan ne domin iyaye da malamai ƴan'uwana da za su tsaya inda na tsaya. Ra'ayina shi ne, ba lambobin da ke jikin kwali ya kamata su yi wa uba zaɓi ba. Ɗakinsa, da wutar unguwarsu, da yadda iyalinsa ke zama, da abin da yake so talabijin ɗin ta yi masa a tarbiyyar ƴaƴansa, su ne ke da ta cewa.

Abin da na tarar a kanti

Guda biyu ne suka shiga ƙarfina. Ba na alfarma ba ne, ba kuma na ƙasa-ƙasa ba. Ɗaya mai inci 55, an rubuta 4K da lamba 120 da manyan baƙaƙe a kwalinta. Ɗayar mai inci 43, ita ma 4K, amma lambarta 60, kuma tana da takardar garanti ta shekara guda. Babbar ta ɗara ƙaramar da jika saba'in.

Mai kanti bai ɓoye wadda yake so in ɗauka ba. "Mushe," in ji shi, "in kana son yara su ji daɗin wasa, ga ta nan. Wannan 120 ce, waccan 60. Ai lissafi kake koyarwa." Gaskiya ido ya so babbar. Ana auna talabijin ne daga kusurwa zuwa kusurwa, kuma inci ɗaya santimita 2,54 ne. Mai inci 55 ta kai kusan santimita 140, mai 43 kuwa 109. In aka yi lissafin faɗin fuska gaba ɗaya, babbar ta fi ƙaramar da fiye da rabi. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne, kuma ba zan ce ban gani ba.

Na ce masa zan dawo. Daga nan na wuce wajen wani tsohon ɗalibina da ke gyaran talabijin da rediyo. Shekara goma sha biyar da suka wuce ni nake koya masa raba lamba, ranar nan shi ya zaunar da ni kan benci ya ba ni darasi. Yawancin abin da zan faɗa a ƙasa daga bakinsa na fara ji, sannan na koma kanti na gwada da idona.

Lambobin kwali

Mu fara da 4K, tunda ita ce ake fara nuna wa mai saye. Hoton talabijin ɗigo-ɗigo ne ƙanana. Mai 4K tana da ɗigo 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato sama da miliyan takwas. Wadda ake ce wa Full HD tana da 1920 da 1080, kusan miliyan biyu. Ninki huɗu ke nan. To amma me za ka kalla da ya kai haka? Tashoshin da muke kamawa da parabol ko da eriya, Tele Sahel ce ko Arewa24 ko tashoshin ƙwallo, ba da 4K suke zuwa ba. Mafi kyawunsu HD ne, da yawa ma ba su kai nan ba. Fim na 4K ta intanet yana iya cin giga bakwai a awa ɗaya. Wane malami ne zai ɗauki wannan forfe? Kuma in kana zaune nesa da talabijin fiye da mita biyu da rabi, a irin wannan girman, da wuya idonka ya bambance 4K da Full HD. Saboda haka 4K ba laifi ba ce, amma ba ita ce dalilin ƙara ko dala ba.

Sai lamba 120. Ma'anarta, in ta gaskiya ce, fuskar talabijin tana sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa ɗaya maimakon sau 60. Matsala biyu ke nan. Ta farko, kamfanoni da dama suna rubuta 120 ko fiye a kwali suna nufin wata dabarar gyaran motsi, alhali ainihin fuskar 60 ce. Da muka duba ɗan littafin babbar, haka muka tarar. Ta biyu, ko da ta gaskiya ce, PlayStation 4 ba ta wuce hoto 60 a daƙiƙa, kuma samfurinta na farko ba ya fitar da wasa da 4K. Sai PlayStation 5, wadda ta fito a 2020, ita ce ke iya kaiwa 120 a wasu wasanni, kuma in ana son 120 ɗin tare da 4K, sai talabijin ɗin tana da kafar HDMI 2.1. In ba ita ce a gidanka ba, kuma ba ka da niyyar sayenta, ka biya kuɗin abin da ba za ka taɓa gani ba.

Abin da mai wasa yake buƙata na gaske ba a cika rubuta shi a kwali ba. Shi ne saurin amsa: tsakanin lokacin da yaro ya danna manet da lokacin da ɗan wasa ya buga ƙwallo a fuska. Talabijin na zamani suna tsayawa su yi wa hoto kwalliya kafin su nuna shi, kuma kwalliyar tana cin lokaci, wani sa'in fiye da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Akwai wani saiti da ake kira Mode Jeu wanda ke kashe kwalliyar, jinkirin ya ragu sosai. Na ɗauki na'urar da yaron muka koma kanti, ya gwada duka biyun. Da aka kunna Mode Jeu, ya ce bai ji wani bambanci ba. Shi ne gwanin, ba ni ba. Maganar wasa ta ƙare a nan: kunnen doki.

Yadda muke zama

Inda suka rabu shi ne wajen da ban taɓa tunani ba. Tsohon ɗalibina ya ce: "Mushe, kada ka tsaya gabanta kamar mai ɗaukar hoto. Koma gefe, sannan ka tsuguna." Na yi haka. Daga gaba babbar ta fi kyau, baƙinta baƙi ne wuluk, launinta ya cika. Da na matsa gefe sai fuskokin mutane suka koɗe kamar tsohon zane. Ƙaramar kuwa baƙinta bai kai na waccan ba, amma daga duk inda na tsaya launinta bai sauya ba. Ya ce fuska iri biyu ce: VA, mai kyan baƙi amma mai son a zauna mata tsaf a gaba, da IPS, mai haƙuri da na gefe.

Yanzu ku tuna falon gidajenmu. Waɗanda suka ƙera kayan nan suna tunanin mutum biyu ko uku a kujera ɗaya, suna fuskantar bango. Mu kuwa mu tara ne a gida. Ni da baƙo a kujera, uwargida a gefe tana tsince shinkafa, yara a tabarma suna ɗaga kai, ƴaƴan maƙwabta a bakin ƙofa. Ranar wasan Mena, ko lokacin gasar cin kofin Afirka, har ta taga ake leƙe. Mutum biyu ne kawai za su ga kyan babbar, sauran su ga koɗaɗɗen hoto. Na kuma auna falon da mita: daga bango zuwa kujera bai kai mita uku ba, masu tabarma kuwa ba su wuce mita ɗaya da rabi ba. Faɗin babbar ya haura santimita 120. Yaro a tabarma sai ya riƙa juya wuya kafin ya bi ƙwallo daga raga zuwa raga. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wuta, zafi da ƙura

Na tambayi mai gyaran abin da ya fi kawo masa talabijin. Bai yi dogon tunani ba: wuta mai hawa da sauka, tsawa a damina da ke biyo wayar parabol, da ƙananan fitilun da ke bayan fuska waɗanda ke ƙonewa, sai ka ji murya ba hoto. Duk wanda ya yi watan Afrilu da Mayu a Maradi ko Damagaram ko Tawa ya san zafin da ke haura 40, ya kuma san ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Fitilun nan ba sa son zafi, kuma a kanti ana ƙure haskensu ne don su ja ido. Shawararsa: a rage hasken zuwa wajen rabi, a bar tazara tsakaninta da bango don iska, a rufe ta da zane in an kashe ta ta huce, a zare waya da ta parabol in hadari ya taso. Ya ƙara da cewa in gilashin fuska ya fashe, kuɗin sauya shi ya kusa kuɗin sabuwa. Mai ƴan yara ƙanana gara ya kafe ta a bango.

Na duba takardar da ke manne a bayan kowace. Babbar wat 120, ƙaramar wat 70. A faktir bambancin ba shi da yawa: awa huɗu kullum, wata guda, kilowat shida ne kacal. Amma ga mai dogara da sola in an ɗauke wuta, lissafin daban ne. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da wat 1200 na awa ɗaya, kuma irin na dalma ba a so a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Saura 600. Ƙaramar za ta yi wajen awa takwas, babbar awa biyar, kafin a cire abin da na'urar juya wuta ke ci, kafin a ƙara fanka da ƙwan fitilar da yara ke karatu da shi. Ita kanta PlayStation tana jan fiye da wat ɗari in ana wasa. A gidana fitilar karatu ce gaba da kowa.

Na ɗauki mai inci 43. Jika saba'in ɗin da ta rage na sayi regilater mai daidaita wuta da ƙarfen kafewa a bango, sauran na biya wa yaron kuɗin darasin ƙari na lissafi. Kafin in biya na tabbatar tana da kafar HDMI uku, ɗaya ta dekoda, ɗaya ta wasa, ɗaya ta kwamfuta. Na tabbatar tana kama tashoshin TNT ba sai da wani akwati ba. Na sa aka kunna farin hoto da baƙi don in ga ko akwai mataccen ɗigo. Na kuma ƙi tafiya sai da aka rubuta mini faktir mai lambar na'urar da ranar saye. Garantin baki ba garanti ba ne.

Ba ina cewa babba ba ta da ranarta ba. Mai falo mai faɗi, wanda kujerunsa ke fuskantar bango daga mita uku ko fiye, mai tsayayyar wuta, in ya ɗauki mai inci 55 ya yi daidai, kuma zai fi ni jin daɗin fim da dare. Mai PlayStation 5 da ke son 120 ta gaskiya, sai ya shirya kuɗi fiye da waɗannan biyun. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Abin da abokan aikina suka ce

Da na ba da labari a makaranta, wani dattijon malami da nake ganin girmansa ya girgiza kai. Ya ce: "Kai da ke kukan yara ba sa karatu, kai ne ka kai musu shagon wasa har cikin ɗaki? Ka ba kura ajiyar nama." Ba zan raina maganarsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, wato halin da wasa ke fin ƙarfin mutum har ya ture karatu da barci da zumunci. Ita ce kuma ta ba da shawara a shekarar cewa jariri kada a zaunar da shi gaban fuskar na'ura sam, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Masana barci sun ce ɗan firamare na buƙatar awa 9 zuwa 12, matashi awa 8 zuwa 10. Yaron da ke shago har sha ɗaya na dare, ya tashi da asuba, ya shiga aji ƙarfe takwas, ba sai an kira likita ba kafin a san abin da ke damunsa.

Amma amsata ita ce, naman ya daɗe a hannun kura. Mu da muka fito makarantar horon malamai shekara ashirin da suka wuce, an koya mana yadda ake shirya darasi da yadda ake riƙe aji, ba a koya mana yadda ake gasa da shagon wasa ba, don lokacin babu shi a kowane layi. Yau akwai. Uban da ya ce ya hana wasa, yawanci abin da ya hana shi ne ganin wasan da idonsa. A shago ba mai tambayar shekarun yaro. A jikin kwalin kowane wasa da ya biyo ta Turai akwai lamba, 3 ko 7 ko 12 ko 16 ko 18, mai nuna shekarun da ya dace da su. Wasan ƙwallo 3 ne. GTA, wanda na ga yara ƴan shekara goma suna kallo a daren nan, 18 ne, cike da harbi da sata. Ga kuɗin da ke zubewa kullum, wanda ba kowane yaro ne ke samunsa ta hanyar da iyayensa suka sani ba. Ga manyan samari da ke sa kuɗi kan wasa, ƙanana na koyo.

Sai dai in yarda da dattijon a abu ɗaya: talabijin da aka kawo gida ba doka ta fi shagon sharri, don ita ba ta rufewa. Shi ya sa na ce wurin da aka kafa ta da dokar da aka sa mata sun fi incinta muhimmanci.

Dokar gidanmu

Talabijin tana falo, ba ta shiga ɗakin kowa. Daga Litinin zuwa Alhamis ba wasa, kuma daga bayan isha'i a kashe take har a gama bita. Juma'a da yamma, Asabar da Lahadi, awa biyu-biyu, bayan an nuna mini kaye. Manet suna kwana a akwatin uwargida. Ba ta haɗe da intanet sai ina wurin, kuma na sa mata lambar sirri. Ƴan matan gidan suna da nasu rabon daidai da na maza, don na lura in ba a faɗa ba, su ke wanke-wanke maza na wasa. Abokansa suna iya zuwa. Na fi son in san fuskokinsu da sunayen iyayensu.

Dokar ta fi ciwo a kaina. Wasannin zakarun Turai ranar Talata da Laraba ake yi da dare, daidai lokacin bita. Makon farko na zauna na kunna da ƙaramar murya, sai autata ta leƙo ta ce: "Baba, ba yau Talata ba?" Na kashe. Tun ranar, in wasan ya kai a kalla, sai in tafi fada wajen abokai, ko in haƙura in ji sakamako da safe. Yaro ba ya bin dokar da ya ga mai ita yana tsallakewa.

Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. A watan Fabrairu na dawo daga wata gaisuwar rasuwa na tarar ya lallaɓi ƙanwarsa ta ɗauko masa manet ranar Laraba. Na kulle su mako biyu, aka yi ta kumbure-kumbure. Ba zan kuma ce makinsa ya yi tsalle ba. Jarabawa na gaba, sakamako na wajen Allah. Abin da na sani shi ne ƙarfe goma yana kwance, na san abin da yake bugawa, na san da wa yake bugawa. Na kuma sami wani amfani da ban zata ba: ranar Lahadi nakan sa kile mai hotunan taswira da na jikin ɗan Adam, in tara ɗalibaina na unguwa mu yi bita. Su goma sha biyu a tabarma, na gefe yana gani kamar na tsakiya.

Ga ƴan'uwana malamai, musamman ƴan kwantaragi da albashi ba ya kai su ƙarshen wata: kada wanda ya ci bashi saboda wannan rubutu. In telen gidanka tana aiki, tana da kafar HDMI, ta isa. In babu hali sam, to aƙalla ka taka ka je shagon da ɗanka ke zuwa, ka ga abin da ake bugawa, ka yi magana da mai shi kan lokacin rufewa da shekarun yaran da yake karɓa. Mu a ƙungiyar iyayen ɗalibai ta makarantarmu mun sa maganar cikin taro mai zuwa.

Wanda kuma ya kwashi adashe ya nufi kasuwa, ya ɗauki mita ya auna falonsa tukuna, ya ƙirga masu zama a tabarma, ya tafi da na'urar wasan da yaron da zai gwada. In ya isa kanti ya koma gefe ya tsuguna, ya karanta takardar bayanta, ya ware kuɗin regilater kafin ya fara ciniki. Dokar gida kuwa, a zauna a yanke ta da uwar yara tun kwalin bai shigo zaure ba.